Jericho Rosales: mawaƙi ne da ya faɗa fim, ko ɗan fim ne da aka miƙa wa makirfo?

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Tun ina yaro nake ganin Ummanmu da yayyena mata suna kallon wani dogon wasan Filifin mai suna The Promise, wanda ake ce wa jaruminsa Angelo. Kwanan nan na ci karo da shi a YouTube riƙe da jita yana waƙa, an rubuta Jericho Rosales. Shin asalinsa mawaƙi ne ko ɗan fim? Kuma me ya sa kusan duk 'yan wasan ƙasar suke waƙa? Ina tambaya ne don ni ma ina ɗan taɓa waƙa, ga shi wani darakta ya ce in zo ya sa ni a fim, na rasa wanda zan kama." Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya uku ka cusa a buhu ɗaya: wane ne mutumin, me ya sa ƙasarsu take haka, sannan kai ina za ka dosa. Ta farkon ba ta da wuya. Jericho Rosales ɗan fim ne. Fim ne ya fito da shi, fim ne ya kai fuskarsa har falon Ummanku, kuma da fim yake ci har gobe. Waƙa daga baya ta shigo, amma ya riƙe ta da gaske fiye da yawancin abokan sana'arsa, kuma a nan ne labarin yake da daɗi. Na shafe shekaru ina aikin fassara da ɗora muryar Hausa a kan wasannin ƙetare, na Indiya da na Turkiyya da na Filifin, don haka fuskar wannan bawan Allah na kalle ta a kan kwamfuta, ina mayar da hoto baya ina sake saki, fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Daga kasuwar kifi zuwa gasar kyau

An haife shi ranar 22 ga Satumba, 1979, a Quezon City, wato ɗaya daga cikin biranen da suka haɗu suka zama babbar Manila. Mutanensa Echo suke ce masa. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a yankin Bicol, sannan a Marikina. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin irin fafutukar da ya yi: ya taya sayar da kifi a kasuwa, ya tsinci kayan gwangwan ya sayar, ya yi kamasho yana kiran fasinja ga jeepney, motar hayarsu mai dogon baya da ake zama ana kallon juna, ya kuma yi aiki a shagon sayar da fiza. Duk wanda ya san yaran tashar Kwangila ya san irin rayuwar da ake nufi.

A 1996, yana ɗan shekara goma sha shida zuwa sha bakwai, ya shiga wata gasa a shirin talabijin na tsakar rana mai suna Eat Bulaga!, shirin da ake yi tun 1979, shekarar da aka haife shi. Sunan gasar Mr. Pogi, kuma pogi da Tagalog, babban harshen Filifin, na nufin kyakkyawan namiji. Ya lashe. Ka lura da wannan da kyau: ƙofar da ya shigo ta cikinta ƙofar fuska ce, babu wanda ya tambaye shi muryarsa. Shekara na zagayowa, a 1997, tashar ABS-CBN ta ɗauke shi cikin rukunin matasan da take renonsu a ƙarƙashin Star Circle, aka fara ba shi ƙananan fitowa, ciki har da wasan Esperanza.

Angelo da Yna

Wasan da su Umma suka kalla, sunansa na asali Pangako Sa 'Yo, ma'ana alkawarina gare ki. An fara nuna shi a Nuwamban 2000, aka gama a Satumban 2002, kashi sama da 470, kullum da dare ban da ƙarshen mako. Shi ne wasan farko da ABS-CBN ta laƙaba wa suna teleserye, kalmar da yanzu ta zama sunan duk irin waɗannan dogayen wasanni a ƙasar. Jericho ne Angelo Buenavista, ɗan gidan masu kuɗi da mulki, Kristine Hermosa kuma ita ce Yna, 'yar aikin gidan. Amma in ka tambayi yayyenka za su ce maka abin da ya riƙe su shi ne yaƙin manyan mata biyu, Amor Powers da Claudia, uwar Angelo. Amor 'yar aiki ce ita ma a dā, aka wulaƙanta ta, ta ɗauka 'yarta ta mutu lokacin da juji ya zaftare wa unguwar talakawa, ta dawo da dukiya don ramuwa, ba ta san Yna ce 'yar tata ba. Masu kallo a Manila ba su ɗauki zaftarewar jujin a matsayin ƙirƙira ba, domin a Yulin 2000, 'yan watanni kafin a fara wasan, jujin Payatas da ke Quezon City ya rufta kan gidaje ya kashe mutum sama da 200.

An sayar da wasan zuwa Malesiya da Singafo da Kenya da wasu ƙasashen Afirka, Kambodiya ta yi nata kwafin, su ma Filifin suka sake shi a 2015 da Daniel Padilla da Kathryn Bernardo. Dalilin da ya sa ya shiga ran mutanenmu kuwa, a ɗakin ɗaukar murya na gano shi. Takardar da ake turo mana ta Turanci ce, kuma Turancin yana kashe rabin ladabin maganar. Wata rana muna aiki a kan wani wasan nasu, yarinya na magana da babban wanta, takarda ta rubuta sunansa tsirara. Mai yi mana muryar ta karanta, ta tsaya, ta zare abin kunne ta ce, "Malam, wannan yarinyar ba ta da kunya ne?" Na mayar da hoton baya na ƙara sauti, sai na ji abin da yarinyar ta ce shi ne Kuya, wato Yaya. Babbar 'ya mace Ate suke ce mata, uwa Nanay, uba Tatay, kuma suna da wata 'yar kalma, po, da ƙarami ke liƙawa a magana idan yana gaban babba. Tun daga ranar na daina yarda da takarda ita kaɗai, kunne nake sawa in mayar da Yaya da Umma da Baba wurarensu. Gidan da ake girmama na gaba, uwar miji mai iko, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, asirin haihuwa da aka binne: duk kayan gidanmu ne, fatar ce kawai daban.

Sai dai nasarar ta zo da sarƙa. A Filifin akwai tsarin da suke kira love team: kamfani ya haɗa saurayi da budurwa, ya riƙa sa su tare a wasa bayan wasa, a talla, a dandamali, har masoya su ɗauka mallakinsu ne. Tsohon abu ne, tun zamanin Nora Aunor da Tirso Cruz III a shekarun 1970. Haka aka yi wa Jericho da Kristine: fim ɗin Forevermore a 2002, wasan Sana'y Wala Nang Wakas a 2003, wanda aka sayar a waje da sunan Timeless, har zuwa Dahil May Isang Ikaw a 2009. Kuɗi na shigowa, amma ɗan wasa ya zama rabin mutum, in babu ɗaya rabin kasuwarsa ta faɗi. Da yawa daga cikin samarin da aka yi wa wannan haɗi, ana rabuwa sai ka neme su ka rasa. Ita Kristine a 2011 ta auri Oyo Boy Sotto, ɗan Vic Sotto, ɗaya daga cikin masu gabatar da Eat Bulaga! ɗin da ya fito da Jericho. Duniya kenan, gidan kara.

Abin da ya sa kowa ke waƙa a can

Wannan ya samo asali tun kafin talabijin. Sifaniya ta mulki tsibiran Filifin sama da shekara 300, har zuwa 1898, ta bar musu wasan dandamali mai haɗe da waƙa da suka mayar nasu suka kira sarswela. Amurka ta karɓa har zuwa 1946, ta kawo wasan nishaɗi na dandamali da suka kira bodabil, inda mutum ɗaya zai yi barkwanci, ya yi rawa, ya yi waƙa. Suna da kundiman, waƙoƙin bege na gargajiya, da harana, inda saurayi ke zuwa ƙarƙashin tagar budurwa da jita da dare. Fim ɗinsu na farko da ɗan ƙasa ya shirya, Dalagang Bukid na José Nepomuceno a 1919, daga sarswela aka ɗauko shi, kuma da yake fim ne marar sauti, jarumar, Atang de la Rama, takan tsaya a sinima ta rera waƙar da bakinta yayin da hoto ke tafiya. Ka ga tun ran gini tun ran zane.

Sai kuma lissafin kasuwa, wanda a ganina shi ne babban dalili a yau. A zamanin da Jericho ya taso, kamfani irin ABS-CBN yana da tashar talabijin, da kamfanin fim, da kamfanin faifai, da ofishin kula da taurari, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. Wanda ya fito a wasan dare daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Lahadi da rana ana jiransa a ASAP, shirin kaɗe-kaɗe da ake yi tun 1995, ya riƙe makirfo. Ranar Asabar yana wani katafaren kanti yana tallar wasan, kuma ba za ka tsaya gaban dubban mutane ka yi musu kuka irin na fim ba, waƙa za ka yi. Daga nan a kwashe su zuwa Dubai ko Amurka, inda miliyoyin 'yan Filifin ke aiki. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin Saudiyya ya ga ma'aikatan jinyarsu. Waɗannan mutane ne masu kewar gida da kuɗi a hannu, su ne masu sayen tikiti. Har rukuni aka haɗa wa Jericho a farkon shekarun 2000, The Hunks, wato ƙarfafan samari kyawawa, shi da Piolo Pascual da Diether Ocampo da Carlos Agassi da Bernard Palanca. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka abin da ake sayarwa: ƙirji da fuska.

A nan muka sha bamban da su. Kannywood tsarin Indiya ta ɗauka: mawaƙi na situdiyo, jarumi na gaban kyamara yana motsa baki. Don haka a wurinmu jarumi zai iya shekara ashirin bai rera baiti ɗaya da muryarsa ba, babu mai tuhumarsa. A Manila dole ka buɗe baki, ko muryar ta kai ko ba ta kai ba. Shi ya sa in ka ga an rubuta wa ɗan Filifin "ɗan wasa kuma mawaƙi", kada ka yi saurin ɗauka. Ka tambaya tukuna: shi ya nemi makirfon, ko miƙa masa aka yi?

To shi Jericho fa?

Shi ya nema. A tsakiyar shekarun 2000, lokacin da abin da ya fi sauƙi shi ne ya sake rera tsofaffin waƙoƙin soyayya masoya su saya don fuskarsa, sai ya kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Jeans, da masu jita da ganga, suka fitar da faifai mai suna Loose Fit. Daga baya ya yi nasa shi kaɗai, Change a 2009 da Korona a 2012, kuma yana rubuta wasu waƙoƙin da kansa. Wadda aka fi saninsa da ita, Pusong Ligaw, wato ɓatacciyar zuciya, ta zama taken wasansa Bridges of Love na 2015, kodayake a wasan wani mawaƙi ne daban, Michael Pangilinan, ya rera ta. Wannan wasan ne ya tsallaka har Peru a 2016, aka ɗora masa Sifaniyanci.

Ga gwajin da nake yi wa duk mai da'awar sana'a biyu, kuma da shi nake tantance masu neman aiki a wurinmu. In zan auna ɗan wasa, sauti nake kashewa in kalli fuska kawai. In zan auna mawaƙi, allon nake rufewa in saurara. Jericho in ka kashe sauti, yana nan daram: yana da wata ɗabi'a ta danne kuka maimakon sakinsa, muƙamuƙi ya ɗaure, ido ya cika, ya kau da kai kafin hawayen ya zubo, kuma ya iya sauraron abokin wasa, abin da yawancin jarumai ba su iya ba, jiran layinsu kawai suke. In ka rufe allo kuwa, za ka ji murya mai ɗan kaushi, mai daɗi, mai gaskiya, wadda ta dace da jita da ƙaramin ɗaki. Amma ƙasar da ta haifi Lea Salonga da Regine Velasquez da Gary Valenciano ba ƙasar da za a yi wa burga da murya ba ce. A sahun 'yan wasa yana gaba, a sahun mawaƙa yana tsakiya. Sai dai in faɗa maka iyakata: Tagalog ɗina na ɗakin aiki ne, kalmomin gida da na gaisuwa. Ina iya auna murya da yadda aka ɗora ta a kan kiɗa, amma zurfin baiti da daɗin lafazi hukuncin masu harshen ne, kamar yadda Bafilifine ba zai gaya maka inda Shata ya fi wani ba ta hanyar fassara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya warware sarƙar nan ta love team, kuma bai same ta a ɓagas ba. A 2006 ya fito a matsayin ɗan dambe Manny Pacquiao, fim ɗin bai yi kasuwa ba. A 2008 ya yi Baler tare da Anne Curtis, labarin sojojin Sifaniya da suka kulle kansu a cikin cocin garin Baler kwana 337, daga 1898 zuwa 1899, ba su yarda yaƙi ya ƙare ba. A shekarar ce kuma ya yi wasan haɗin gwiwa da Malesiya tare da Carmen Soo. Sannan a 2012 ya karɓi wani ƙaramin fim marar kuɗi, Alagwa, inda ya fito a uba mai renon ɗansa shi kaɗai, masu safarar yara suka sace yaron a kanti. Babu budurwa, babu kwalliya. Da shi ya ci kyautar Gawad Urian ta gwarzon ɗan wasa a 2013, kyautar da masu sharhin fim ke bayarwa, wadda yawan masoya ba ya saya. A 2015 ya ƙara da ta bikin fina-finan Metro Manila da Walang Forever. Bayan wasan Halik ya ƙare a 2019 ya ja baya daga dogayen wasanni wajen shekara biyar, a tsakanin nan ne ma gwamnati ta rufe tashar ABS-CBN ta iska a Mayun 2020. Ya dawo da Lavender Fields a 2024, a 2025 kuma ya fito a matsayin Manuel L. Quezon, shugaban ƙasar daga 1935 zuwa 1944, a fim ɗin Jerrold Tarog. Abin dariya, sunan Quezon ne a kan birnin da aka haifi Jericho, kuma shi Quezon ɗin haifaffen garin Baler ne.

Kai kuma fa, ƙanena

Ban ji muryarka ba, ban ga fuskarka a kyamara ba, don haka ba zan ce maka ga wadda Allah ya ba ka ba. Amma kada ka ɗauko lissafin Manila ka ɗora a Kano. Lokacin da Jericho ya fara, yana da kamfanin da ke biyansa yana koyo, ya horar da shi, ya ba shi dandamali kowace Lahadi. Kai babu wannan a bayanka. Abin da muke da shi a nan, waƙa ce ke jan fim fiye da yadda fim ke jan waƙa. Dubi Umar M. Shareef: sai da muryarsa ta shiga kowace waya kafin a ba shi jagorancin Mansoor a 2017, ya shiga fim da jama'arsa a bayansa. Wanda ya shiga da fuska kawai, ranar da aka sami sabuwar fuska an gama da shi, sai in ya yi irin wahalar da Jericho ya yi ya koyi sana'ar da gaske.

Don haka in waƙar taka kai kake rubutawa, kuma akwai waɗanda ba 'yan gidanku ba da suke cewa ka tura musu, ni da zan ba ka shawara ita za ka sa a gaba, fim ya zama na gefe. Ka amsa kiran daraktan, ka je, ƙaramar fitowa ba ta kashe kowa, kuma za ka koyi abin da ba a koyo a ɗaki: tsayuwa a inda haske yake, maimaita abu sau goma ba tare da ya mutu ba. Amma ka tambaye shi tun kafin ka tafi, fuskarka yake so ko waƙarka. Na ga yaro da ya zo wurinmu da waƙa mai kyau, wani furodusa ya ba shi ɗan abin da bai kai kuɗin waya ba da alkawarin fitowa a fim, aka ɗora waƙar a bakin jarumi, ta zagaye gari, ko sunansa ba a rubuta ba, fitowar kuma daƙiƙa arba'in ce yana miƙa wa Alhaji makullin mota. In za a sa waƙarka, a rubuta a takarda: sunanka zai fito, na wane fim ne kaɗai, kuma kana da damar ɗora ta a shafinka na YouTube. Asalin fayil ɗin situdiyo ya zauna a hannunka.

In kuwa waƙar ta wasu kake bi, kuma kai kanka ka san in an rufe allo babu mai tsayawa, to ka kama fim hannu bibbiyu, babu abin kunya a ciki. Kafin ka yanke, ka yi gwajin nan da kanka. Ka sa aboki ya ɗauke ka a waya kana ba da labarin wani abu da ya taɓa ɓata maka rai, minti biyu, ka ba yayyen nan naka su kalla babu sauti. Sannan ka kifa wayar ka sa musu waƙarka. Matan da suka kalli Angelo kashi ɗari huɗu da wani abu ba za su yi maka kara ba.